Zakin Kurmin Keziya

Shafi na 14

Waɗanda suka tambaye ni a ƙasan shafin jiya yadda kukan yake, bari in gwada muku.

Ba daga sama yake zuwa ba, daga ƙasa yake tasowa. Sau biyu gajere, na uku ya ja tsawo, kamar an kifa wa bijimi babbar randa a kai yana nishi a ciki. A daren Alhamis na fara jin sa, sai da kofin da ke kan tagata ya yi rawa. Daren Juma'a ya sake. Daren Asabar sau bakwai ya yi, na ƙirga.

Kafin a tashi daga sujada ranar Lahadi, kowa a ƙauyenmu ya san sunan abin. Zaki ne. An turo a waya cewa wata motar ɗaukar namun daji ta kife a hanya, zaki ya fice. Ba wanda ya ga motar, amma kowa ya ga saƙon.

Da yamma Dakaci ya yanke magana: ranar Litinin da safe a sa wa kurmin Keziya wuta, abin ya fito a harbe shi.

Kun san kurmin nan shi ne ran gonar Keziya. Bukkokin baƙi shida da Keziya ta gina a gindin dutse bayan rasuwar mijinta, ba don aladunta ko talotalonta mutanen Abuja suke cika su ba. Don kurmin suke zuwa. Su zauna a inuwa su ga birai, su bi maharba su harbo zomo da fakara, su sha zuma da ɗuminta. Zumar kuwa tawa ce. Amya talatin da ɗaya na rataye a itatuwan kurmin, kowace na san halinta.

Litinin da safe, raɓa ba ta gama bushewa ba, maharba sun fi ashirin a bakin gona da karnukansu. Kaleb, sarkin maharbanmu, yana gaba da jar hularsa da bindigar toka a kafaɗa. Can gefe Oga Christopher, baƙon da ya rage bai gudu ba, ya gama loda jakunkuna a mota. Matarsa da 'ya'yansa suna ciki, gilashi a rufe. Shi ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu, ƙafa ɗaya a cikin mota.

A wajenmu ba a kunna wutar farauta da ashana. Mai ƙasa ne zai ɗebo garwashi daga murhun gidansa, ya miƙa wa sarkin maharba hannu da hannu. Idan bai miƙa ba, babu wuta. Saboda haka Keziya ake jira.

Na matsa kusa da Kaleb.

“Kaleb, in tambaye ka.”

“Baba Meshak, ba yanzu ba.”

“Karnukanka sun yi haushi daren Asabar?”

Ya dube ni. “Me ya kawo maganar kare?”

“Sun yi ko ba su yi ba?”

“Ban ji ba.”

“Ni ma ban ji ba. Na leƙa aladun Keziya da asuba, har minshari suke yi. Birai suna nan a kan ɗorawa suna cire wa juna ƙwarƙwata. Wane irin zaki ne wannan da mutane kaɗai suke tsoronsa?”

Wani daga cikin maharban ya yi dariya. “Baba, ba kai ka ce mana ƙudan zuma suna zuwa jana'iza ba?”

“Sun zo ta matata. Kana wurin.”

“Furanni suka biyo, Baba.”

“Furannin roba ne.”

Dariyar ta ƙaru. Kaleb bai yi ba. Ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya rage murya.

“Baba, na san amyarka ke damunka. Ni ma a kurmin nan nake cin abinci, in ya ƙone ina zan kai baƙi farauta? Amma mata ta nan suke bi zuwa rafi. 'Yan makaranta ta nan suke yankewa. Kana so mu jira sai ya ɗauki ɗan wani?”

Gaskiya ya faɗa.

Sai ga Keziya ta fito daga kicin da kasko a hannu biyu, hayaƙi na tashi. Kwana huɗu ke nan ba ta yi barci ba, kowa ya gani a idonta. Zanin zumuntar mata ta ɗaura a kan rigar aiki, a karkace.

Kaleb ya cire hula ya gaishe ta.

“Maman Ƙauna, sannu da haƙuri.”

Ta tsaya a gabansa da kaskon.

Ya ɗebi toka kaɗan a bakin kaskon, ya sake ta a iska, ya bi ta da ido.

“To. Iska daga rafi yake zuwa. Can za mu kunna. Wuta zai koro shi ta nan, ya fito tsakanin dutse da tsohon siton citta. Mutum takwas su tsaya a wurin.”

Keziya ta ɗago kai. “Ta wajen sito?”

“Ta nan ne kawai hanya.”

“Wutar za ta kai sito?”

“Zai lashe ƙofa da taga dai, katako ne. Ai ba komai a ciki tun bara.”

Ya miƙo hannu.

Ta ja kaskon jikinta. Garwashi ɗaya ya faɗo kusa da ƙafarta, ba ta ma janye ba.

“Madam, rana na yi. In ciyawa ya yi zafi da yawa ba za mu iya riƙe wutan ba.”

“Ku kunna ta wani gefen.”

“Ba ni ke juya iska ba.”

“To ku bari sai gobe.”

Surutu ya tashi a cikin maharba. Wani ya ce Dakaci ya riga ya yi magana. Wani ya ce shi matarsa kwana biyu ba ta ɗebo ruwa ba, da ruwan leda suke dafa tuwo.

Kaleb ya ɗaga musu hannu suka yi shiru.

“Maman Ƙauna, ni da mijinki muka tashi. Ban taɓa ɗaga miki murya ba. Ba ni wutan nan, ko ki gaya mini dalili.”

Ta durƙusa ta ajiye kaskon a ƙasa. Ba ta tashi ba.

“Ni na jawo shi,” in ji ta.

“Wa?”

“Zakin. Ni na jawo muku shi.”

Oga Christopher ya fito da ƙafarsa daga mota.

“Akwai abu a cikin siton,” ta ce. “Ranar Laraba aka kawo mini. Ranar Alhamis zakin ya fara zuwa. Warinsa ya jiyo. Kullum a wajen siton yake kuka, ina jin sa daga ɗakina. Na ƙara kwaɗo biyu a ƙofar. Da asuba in je in ba shi abinci ina karanta Zabura a hanya. Na so in faɗa a ikilisiya jiya, na tashi tsaye, bakina ya ƙi buɗuwa.”

“Wane abu ne?” in ji Kaleb.

“Tsuntsu.”

“Tsuntsu.”

“Alhaji Jamiluddeen mai kaji na kasuwar Kafanchan ne ya samo mini daga can arewa. Na so in gama shinge tukuna, in nuna wa baƙi ranar Kirsimeti.”

“To don tsuntsu kike ɓoye-ɓoye? Mu ba mu taɓa ganin tsuntsu ba?”

Nan ta miƙe tsaye. Hawaye na idonta, amma muryar ta dawo.

“Kun tuna dawisuna? Kwana tara ya yi a gonar nan. Kowa ya zo gaisuwa sai ya tsige gashi ɗaya ya sa a Littafinsa Mai Tsarki. Kaleb, matarka biyu ta tsiga. Ranar Lahadi na shiga coci, ko'ina na duba jelar dawisuna ce ke leƙowa daga Ishaya da Romawa, shi kuwa yana gida kamar kazar da aka fige. Sanyi ya kashe shi.”

Ba wanda ya dubi wani. Nawa gashin yana nan a Wahayin Yahaya har yau.

Kaleb ya mayar da hularsa.

“Mu je mu ga tsuntsun.”

Siton yana can ƙarshen gona, inda kurmi ya fara, bayansa jingine da dutse. Doguwar rumfa ce ta bulo da rufin kwano, wadda marigayi yake tara citta a ciki. A gabansa an kafa turaku an ja waya rabi, shingen da ba a gama ba. Kaleb ya sa aka riƙe karnuka a baya. Mutum huɗu suka juya bindigoginsu wajen kurmi, ko zakin yana kwance a kusa.

Keziya ta buɗe kwaɗo na farko, na biyu, na uku. Ta ja ƙofa ta koma gefe.

Da farko duhu kawai muka gani. Sai wani ɗan kai ya leƙo daga sama, can inda ba wanda yake duba, sama da kan kowa. Kai ƙarami kamar na agwagwa, ido kuwa kamar ƙwan zabo, da gashin ido dogaye irin waɗanda 'yan mata suke saye a shago. Wuya ya biyo baya, ja, dogo, ya ƙi ƙarewa. Sannan jiki baƙi ƙirin mai fararen fukafukai. Sannan cinyoyi tsirara kamar na ɗan dambe. Yatsu biyu ne kawai a kowace ƙafa. Na duba sau biyu.

“Yesu,” in ji wani a hankali.

“Jimina ce,” in ji Oga Christopher. “Na gani a talabijin.”

“Namiji ne,” Keziya ta ce. “Alhaji ya ce macen sai bayan sabuwar shekara.”

Ya tako waje a hankali, kamar Fasto zai hau bagade. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya sunkuya ya haɗiye wani dutse, muna kallon dutsen yana gangarawa a wuyansa.

Ni kuwa wani abu ya fara motsi a kaina. Ina saurayi na yi leburanci a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Wata shekara aka tsayar da wani tarago a gefe kwana biyu, an rufe shi da tamfol, aka ce kayan wani babban mutum ne za a kai kudu. Mai gadi ya gudu ya bar aiki a daren farko. Ya ce akwai zaki a taragon. Da aka zo ba abin ruwa na leƙa ta ƙasan tamfol, ƙafafu kawai na gani. Shekara hamsin ina tuna ƙafafun nan, ina cewa a raina wane irin zaki ne mai yatsu biyu.

Na buɗe baki zan faɗa, Kaleb ya riga ni.

“To mun gani. Allah ya raya. Ku ja shi zuwa garejin janareta, mu yi aikin da ya kawo mu. Madam, ina kaskon?”

“Kaleb, dakata,” na ce.

“Baba, don Allah.”

“Dubi wuyansa.”

Tsuntsun ya tsaya cak yana kallon jar hular Kaleb. Wuyan ya fara kumbura. Ya kumbura, ya ƙara kumbura, har ya kai kaurin tulu, jan ya ƙara ja. Bakinsa a rufe yake gam.

Sai kukan ya fito.

Sau biyu gajere, na uku ya ja tsawo. Kwanon sito ya amsa, dutse ya karɓa ya jefa shi cikin kurmi, kurmi ya dawo mana da shi ta baya. Na ji shi a haƙorana.

Ban san maharbanmu suna da gudu haka ba. Huɗun da ke gadin kurmi suka watse, biyu suka yi karo da juna. Wanda ya yi mini dariyar ƙudan zuma, kafin in juya yana kan mangwaro, takalmi ɗaya a ƙasa. Wayar Oga Christopher ta faɗa cikin kwanon dusa. Karnuka dai suna zaune, ɗaya yana sosa kunne.

Kaleb ne kaɗai bai motsa ba. Daga baya ya ce mini ba jarunta ba ce, ƙafafun ne suka ƙi.

Wuyan ya sace kamar tayar keke. Tsuntsun ya karkata kai ya dube mu.



Keziya ta zauna daɓas a ƙasa, ta rufe baki da hannu biyu.

“Kai ne?” ta ce wa tsuntsun. “Kwana huɗu ina kai maka kabeji ina roƙon Ubangiji ya tsare ka daga zaki. Ashe kai ne?”

Daga kan mangwaro aka ce, “Oga Kaleb, in sauko?”

Nan dariyar ta ɓalle. Ba irin wadda aka yi mini ɗazu ba. Wannan daga ciki take fitowa, da hawaye, mutane suna dafa juna suna zama a ƙasa. Keziya tana dariya tana kuka, ba a gane wanne ne wanne. Ni ban yi dariya sosai ba. Na nemi kututture na zauna, na ji kamar an sauke mini buhun citta daga wuya.

Tsuntsun bai gama da mu ba. Ya tako har gaban Kaleb, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya buɗe fukafukai fari da baƙi, ya fara lilo dama da hagu, yana buga kansa a bayansa, nan da can, nan da can.

“Me kuma yake yi?” in ji Kaleb, yana ja da baya.

“Haƙuri yake ba ka,” wani ya ce.

“Ba haƙuri ba ne,” in ji Oga Christopher, yana goge dusa daga wayarsa. “A talabijin, haka namijin yake yi wa mace.”

“Sarkin maharba, an zo tambayar aure,” in ji wani maharbi.

“Sai a gaya wa Madam ta gida ta shirya.”

“Ka ce masa ya kawo akuya da gishiri tukuna, mu ba ma bayar da ɗa haka kawai.”

Kaleb ya cire jar hular ya cusa a aljihu. “Duk wanda ya kai maganar nan kasuwa, ni da shi ne.”

“Ya riga ya shiga bidiyo,” in ji Oga Christopher.

Muka dawo bakin gona inda aka bar kaskon. Garwashin yana nan da ransa. A al'ada, wutar da aka fito da ita ba a mayar da ita murhu, kuma wanda ya roƙe ta shi zai kashe. Kaleb ya karɓi buta, ya tsuguna, ya zuba ruwa a hankali har ta daina huci.

“Maman Ƙauna, ki yafe mana. Saura kaɗan.”

“Ni ce zan roƙi gafara. Da na yi magana tun Juma'a.”

“Da kin yi magana tun Juma'a, da yanzu ba shi da gashi ko ɗaya,” na ce.

Ta yi dariya ta share ido da bakin zani. Ta ce kowa ya zauna, ba wanda zai tafi bai ci komai ba. Aka hura wuta a kicin, aka kama zabi huɗu. Maharba suka jingine bindigogi a jikin mangwaro, suka ɗauki guduma da ƙusa, suka ce shingen nan yau za a gama shi. Oga Christopher ya ƙwanƙwasa gilashin mota ya ce wa matarsa a sauke jakunkuna. Na ji shi yana waya yana cewa, “Ku taho wannan satin, ku taho da yara. Akwai zaki mai fukafukai.”

Ni na zame na shiga kurmi.

Sanyin ciki ya taɓa fuskata. Na bi amyata ɗaya bayan ɗaya, ina sa kunne. Ta kan ɗorawa tana guɗa a hankali. Ta kan kaɗanya, mai faɗan nan, ta aiko mini ɗaya ya zagaya kaina ya koma. Na gaya musu abin da ya faru, don bai kamata su ji a bakin wani ba. Wani tsohon biri ya zauna a reshe yana saurare har na gama.

Da na fito an fara rabon nama. Yaran Oga Christopher suna bakin shinge suna miƙa wa tsuntsun ganyen kabeji a kan sanda. Keziya ta zubo mini romo a kwano, ta ce, “Baba, daga yau duk abin da ka ce ƙudan zuma sun yi, na yarda.”

Ina kai cokali baki sai na hangi Mama Martina tana tahowa ta hanyar rafi.

Maƙwabciyar Keziya ce, gidanta yana ɗaya gefen kurmin, ita kaɗai da awakinta. Ba ta zo taron safe ba. Zaninta ya jiƙe har gwiwa, ƙaya ta kama shi ko'ina. Tana riƙe da wani abu a bayanta.

“Mama Martina, zo ki ci nama,” in ji Kaleb. “Zo ki ga zakin da ya hana mu barci.”

Ta wuce mu ba ta gaisa ba. Ta je bakin shinge ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi tsuntsun tun daga ido har yatsu. Ta daɗe.

“Wannan ne yake kukan?”

“Shi ne, Mama. Da kunnenmu muka ji, da idonmu muka gani.”

“To.”

Ta dawo tsakiyarmu. Ta fito da hannunta daga baya, ta ajiye abin a kan tabarma kusa da tiren nama. Igiyar turke ce, a tsinke. A ƙarshenta akwai kan baƙar akuya da rabin wuya, jinin bai gama bushewa ba.

Kaleb ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

Mama Martina ta goge tafinta a zani, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Keziya.

“Maman Ƙauna, ke da kin san halinsa. Wannan tsuntsun naki, yana cin akuya?”